Technics 1200: Garmahon Falo da Matasan Bronx Suka Mayar Kayan Kiɗa

A ƙarshen shekarar 2010 kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya sanar da cewa ya daina ƙera na'urar juya faifai mai suna Technics SL-1200. Dalilan da ya bayar babu abin musu a cikinsu: masu saye sun ragu ƙwarai, kayan haɗin ma sun yi wuyar samu. Galibin mutanen duniya ko a jikinsu. Amma a wajen masu sana'ar saka kiɗa a taro, wato DJ-DJ, daga New York zuwa Landan har Tokyo, labarin ya zama zaman makoki. Dubban mutane suka sa hannu a takardun koke a intanet suna roƙon kamfanin ya sake shawara, farashin tsofaffin na hannu kuwa ya fara hawa. Abin mamakin shi ne, da yawa daga cikin masu kukan sun riga sun daɗe da komawa kan kwamfuta da faifan CD. Su ne suka kashe kasuwar da hannunsu, su ne kuma suka fi kowa ɗaga murya a wajen jana'iza.

Wanda ya san garmaho ya san asalin wannan na'ura. Faranti ne mai juyawa, a ɗora masa baƙin faifai, sai hannu mai allura a baki ya sauka a kan siririn layin da aka zana a jikin faifan, sauti ya fito. Garmahon kakanni da hannu ake wana shi, faifansa kuma da ya faɗi ƙasa ya tarwatse. Na zamanin lantarki ya zo da faifan roba mai jure wahala, da ƙaramin inji mai juya farantin ta hanyar bel na roba ko 'yar taya. A nan matsalar take. Bel yana saki in ya tsufa, yana ɗaukar lokaci kafin farantin ya kai cikakken gudunsa, in kuma aka dafa faifan da hannu sai sautin ya yi ta jan ƙafa kafin ya dawo daidai.

Wani injiniyan kamfanin Matsushita da ke Osaka, kamfanin da daga baya ya koma amsa sunan Panasonic, shi ya warware wannan. Sunansa Shuichi Obata. Shi da abokan aikinsa suka cire bel ɗin gaba ɗaya, suka ɗora farantin kai-tsaye a kan injin, ya zama farantin da injin abu guda ne. Na'urar farko mai wannan tsari, SP-10, ta shiga kasuwa a 1970, SL-1100 ta biyo baya a 1971, sai SL-1200 a 1972. Ba don gidan rawa aka yi su ba. Wanda kamfanin ke hange shi ne magidanci mai rufin asiri da zai zauna a falonsa da yamma, ya goge faifai da ƙyalle mai laushi, ya saurari kiɗa cikin natsuwa. Doka ta farko a wajen irin wannan mutum ita ce kada yatsa ya taɓa fuskar faifai. Duk tarihin da ya biyo baya tarihin karya wannan doka ne.

Tushen abin yana Jamaika. Tun shekarun 1950, talakawan Kingston da ba su da kuɗin shiga manyan otal-otal suna da tasu hanyar shaƙatawa: wani ya tara manyan akwatunan lasifika a fili, ya haɗa amfilifaya, ya saka faifai, jama'a su yi rawa har asuba. Manyan masu wannan harka, irin su Duke Reid da Coxsone Dodd, gaba suke da juna ta gaske, kuma makamin yaƙin shi ne faifan da abokin hamayya ba shi da shi. Sukan tafi har Amurka farautar faifai, in sun dawo su kankare takardar da ke tsakiyarsa don kada ɗan leƙen asiri ya karanta sunan waƙar. Coxsone ya shafe shekaru yana cin kasuwa da wani faifai da ya laƙaba wa sunan kansa, har ranar da Duke Reid ya gano cewa na Willis Jackson ne, ya samo nasa kwafin, ya saka shi a bainar jama'a.

A cikin wannan yanayi aka haifi Clive Campbell a 1955. Yana ɗan shekara goma sha biyu iyalinsa suka ƙaura zuwa Bronx, unguwar New York da a lokacin talauci da gobara suka ɗaiɗaita. Ranar 11 ga Agusta 1973, ƙanwarsa Cindy ta shirya ɗan biki a zauren taro na gidan hayar da suke zaune, lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Kuɗin shiga santi 25 ga 'yan mata, santi 50 ga samari. Yayanta, wanda aka fi sani da Kool Herc, shi ya saka kiɗa. Wannan rana ce a yau ake ɗauka ranar haihuwar hip-hop.

Abin da Herc ya lura da shi mai sauƙi ne. A cikin kowace waƙar James Brown da makamantanta akwai wata gaɓa da mawaƙi ke yin shiru, sauran kayan kiɗa su ja baya, a bar ganga ita kaɗai. A wannan gaɓa ce masu rawa ke haukacewa, amma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa sayen kwafi biyu na faifai ɗaya, ya ɗora su a kan na'ura biyu. In gaɓar ta ƙare a na dama, ya tayar da ita a na hagu, kafin ta ƙare ya mayar da allurar na dama baya. Daƙiƙa goma ta koma minti biyar. Shi ma, bisa al'adar gida, yakan jiƙa faifansa a ruwa ya ɓare takardar.

Herc yana da ƙarfin lasifika da kunnen zaɓen faifai, amma haɗinsa ba ya faɗawa daidai kan bugu. Wanda ya gyara wannan shi ne Joseph Saddler, ɗan asalin Barbados, wanda duniya ta sani da Grandmaster Flash. Ya koyi aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ta Samuel Gompers, kuma kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa, a bola da cikin motocin da aka yasar ya riƙa tsintar lasifika da wayoyi. Ya kulle kansa a ɗaki yana gwaji. Ya ga cewa ɗaga allura a mayar da ita baya caca ce, don ba ka san inda za ta sauka ba. Sai ya bar allurar a inda take, ya ɗora yatsunsa a kan faifan ya murza shi baya. Ya ja layi da alli mai maiƙo a kan faifan don ya riƙa ƙirga zagaye nawa ya mayar. Shimfiɗar robar da ke kan farantin tana riƙe faifai gam, sai ya cire ta, ya yanko ƙyalle mai kauri daga kayan ɗinkin mahaifiyarsa, ya sa masa sitaci ya goge, ya shimfiɗa, faifan ya riƙa zamewa a sama farantin na ci gaba da juyawa a ƙasa. Miksarsa, wato na'urar haɗa sautin faifan biyu, ba ta da hanyar da zai ji faifai na biyu a kunnensa kafin jama'a su ji, sai ya haɗa mata maɓalli da kansa. Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa yau ana sayar da shi a kanti cikin kwali mai ƙyalli, amma rashi ne ya haife su.

Sai wani yaro da ke bin su, Theodore Livingston, wanda ake kira Grand Wizzard Theodore. A ruwayarsa, wajen 1975 yana ɗaki yana kiɗa da ƙarfi mahaifiyarsa ta buɗe ƙofa tana faɗa. Ya dafe faifan da hannu don ya saurare ta, hannun na motsi gaba da baya, ya ji wata ƙara a kunnensa da ta burge shi. Ƙarar da kowane mai garmaho ke gudu ita ce ta zama karce, salon da ya mayar da na'urar sauraro abin kaɗawa. A 1981 Flash ya fitar da faifan da gaba ɗayansa da faifan wasu aka gina shi, a 1983 kuma Herbie Hancock ya sa Grandmixer D.ST ya yi karce a waƙarsa Rockit. Da aka nuna su a talabijin a bikin Grammy na 1984, yara da yawa a faɗin duniya suka lalata garmahon iyayensu.

Can cikin Manhattan kuwa wata makarantar ce daban, ta 'yan disko. Tun 1969 Francis Grasso, a gidan rawa na Sanctuary, yake daidaita bugun faifai biyu ta yadda masu rawa ba za su san inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara ba. David Mancuso ya buɗe gidansa, The Loft, a Fabrairun 1970, inda tsabtar sauti ta zama kusan aƙida. Larry Levan ya yi sarautarsa a Paradise Garage daga 1977 zuwa 1987, da kayan sautin da Richard Long ya haɗa. Miksar wannan makaranta ita ce Bozak, daga baya UREI, masu manyan maɓallan murzawa da ke shigo da waƙa a hankali. A nan ne kuma aka samu faifai mai faɗin inci goma sha biyu mai ɗauke da waƙa guda tak a fuska, wanda ya fara shiga kanti a 1976. Da yake fili ya wadata, layukan suka yi faɗi da zurfi, sautin ya fi ƙarfi, ganga ta fi nauyi.

Gaskiyar da masu bege kan tsallake ita ce, yawancin waɗannan dabaru ba a kan 1200 aka ƙirƙiro su ba. An ƙirƙiro su a kan duk abin da hannu ya kai gare shi. Herc ya yi zamani da SL-1100, 'yan disko da Thorens na Suwizalan, wasu da tarkacen da aka harhaɗa, da wutar da aka sato daga fitilar kan titi in za a yi wasa a filin unguwa. Wasu daga cikin 'yan wancan zamani, ciki har da Grandmaster Caz, sun ce daren 13 ga Yuli 1977 da wuta ta ɗauke a New York aka fasa kantuna, washegari DJ-DJ suka yawaita a Bronx.

Abin da kamfanin Japan ya yi, kuma ya cancanci yabo a kai, shi ne ya saurara. Da labari ya kai Osaka cewa ana amfani da na'urarsu ta hanyar da ba su taɓa zato ba, injiniyoyin suka je gidajen rawa na Amurka suka gani da idonsu. Sakamakon shi ne SL-1200MK2 ta 1979. An yi jikinta da alminiyam, aka cika ƙasanta da roba mai nauyi don girgizar lasifika kada ta sa allura tsalle, har nauyinta ya haura kilo 12. Farantin yana kai cikakken gudu cikin daƙiƙa 0.7. A gefen dama aka sa sandar zamiya da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, abin da ake buƙata don daidaita waƙa biyu. A bakin farantin akwai ɗigo-ɗigo da jar fitila ke haskawa, in gudun ya yi daidai sai ka ga kamar sun tsaya cak. Shekara talatin da ɗaya aka yi ana ƙera ta ba tare da wani babban sauyi ba, aka sayar da fiye da miliyan uku na dangin 1200. Irin keken ɗinkin Singer ce, wadda ake gada daga uwa a bar wa jika: a zuba mata giya, a faɗo da ita daga mota, mai gyara ya buɗe ya share, ta ci gaba da aiki. A wancan zamani DJ zai tashi daga Chicago ya sauka a Berlin da tabbacin cewa guda biyu na jiransa a kan teburi, ko farare ko baƙaƙen da ake kira 1210. Gasar DJ-DJ ta duniya mai suna DMC, wadda aka fara a Landan a 1985, a kanta aka gina ta.

To, sai na'ura mai ƙwaƙwalwa ta iso, a hankali da farko. Kamfanin Pioneer ya fitar da na'urar faifan CD mai suna CDJ-500 a 1994, manyan DJ-DJ suka yi masa dariya. A 2001 CDJ-1000 ya zo da farantin da ke amsa taɓin hannu, har ana karce a kansa, dariyar ta ragu. A 2004 manhajar Serato ta ba mutum damar riƙe Technics ɗinsa, amma faifan da ke kai ba ya ɗauke da waƙa, sigina kawai yake aika wa kwamfuta. Da CDJ-2000 ya fito a 2009 yana karɓar filashi, magana ta ƙare. Kamfanin Vestax na Japan, mai miksar da 'yan karce ke so, ya durƙushe a 2014. Shure na Amurka, mai allurar M44-7 da ba ta tsalle ko ana murza faifai da ƙarfi, ya daina yin allura a 2018.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a nan batun bai tsaya haka ba, don yawancin masu tuna baran suna cin moriyar bana sosai. Me suke bege ke nan? In ka tambaye su, amsar farko ita ce sauti: wai na faifai ya fi ɗumi, na kwamfuta busasshe ne. Wannan hujja ita ce mafi rauni. Faifai yana cinyewa da kowane sakawa, yana tara ƙura, waƙoƙin da ke kusa da tsakiyarsa ba sa fita tas kamar na baki, kuma tun shekarun 1980 ɗimbin waƙoƙin da aka buga a faifai da na'urar dijital aka fara ɗaukar su. Abin da kunne ke kira ɗumi sau da yawa ɗan gurɓata ne mai daɗin ji.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta aiki. A da, mai kallo yana ganin abin da DJ ke yi: ya juya baya ya laluba akwati, ya zaro faifai, ya karkata kai kan abin sauraro a kunne ɗaya, yatsa na taɓa gefen faranti yana rage masa gudu. Daidaita bugu biyu da kunne kawai yakan ci watanni ana koyo, kuma kuskure a bainar jama'a ake yin sa, kowa ya ji gangunan sun yi karo. Yau maɓalli guda ke yin wannan. Akwai kuma iyaka, wadda ta zama horo. Akwatin faifai ɗari yakan kai kilo ashirin, don haka mutum ba zai ɗauki fiye da akwati biyu ko uku ba. Dole tun daga gida ya zauna ya yi tunanin daren, ya san kowane faifai ciki da waje, har yana iya duban layukan ya gane inda ganga za ta rage ita kaɗai, don wurin launinsa daban ne. Mai waƙa dubu hamsin a filashi ba lallai ne ya san ko ɗari daga ciki irin wannan sani ba. Sannan kantin faifai majalisa ce, inda ake haɗuwa ranar da sabon kaya ya iso, mai kanti ya ɓoye kwafi biyu a ƙarƙashin teburi don na hannun damansa. Kuma faifan da kai kaɗai ke da shi arziki ne. Yanzu duk wanda ke filin rawa zai ɗaga wayarsa, manhaja ta faɗa masa sunan waƙar kafin ta kai rabi.

Sai dai begen yana da zaɓe. Ba ya tuna ciwon baya, ko akwatin da ya ɓace a filin jirgi da aikin shekara goma a ciki, ko faifan da rana ta lanƙwasa a bayan mota. Ba ya tuna kwabon da ake manna wa kan allura don ta daina tsalle, wanda ke cinye faifan a hankali. Ba ya kuma tuna cewa wannan iyaka da ake yabo shinge ce: wanda ba shi da kuɗin na'ura biyu da miksa da faifai sabo kowane mako, ko wanda ke garin da babu kantin faifai, ba shi da shiga.

Nijeriya ta san wani ɓangare na wannan labari. A shekarun 1970 Legas na cikin manyan cibiyoyin buga faifai a Afirka, da kamfanoni irin su EMI da Decca, kuma muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun hau faifan garmaho kafin kaset ya zo ya share kasuwar. Kaset ya fi arha, yana jure zafi da ƙura, ana kwafarsa a kowace kasuwa, don haka faifai ya mutu a nan tun kafin ya mutu a Turai. Abin da aka jibge a sito aka manta, shi ne daga baya Turawa masu farautar faifai suka riƙa zuwa saye, kamfanoni irin su Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus suka sake buga shi. DJ na gidan biki a Kano ko Maraɗi kuwa kwamfuta da filashi ya tashi ya tarar.

Faifai dai ya farfaɗo. A 2022, a Amurka, an sayar da faifai kimanin miliyan 41, CD kuwa miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce gaba. Kayan aikin ma sun shiga gidan tarihi: na'urar Grandmaster Flash tana Smithsonian a Washington tun 2006, gidan tarihin kimiyya na Landan yana da 1210, a Agustan 2022 kuma aka yi gwanjon kayan Kool Herc a Christie's, inda ake sayar da zanen manyan masu fasaha.

Panasonic ya ji kukan, ya dawo da 1200 a 2016. Amma samfurin farko da ya fitar guda 1,200 kacal aka yi, kowace a kan kusan dala 4,000, kuma ba DJ aka nufa da ita ba. An koma kan magidancin nan mai falo da ƙyalle mai laushi. Sai a 2019 aka fitar da MK7 don masu sana'ar, a kan kusan dala 1,000, kuma guda biyu DJ yake buƙata, ban da miksa da allura da faifai. Yaro irin Joseph Saddler, mai tsintar lasifika a bola, ba zai iya sayen ko ɗaya ba a yau. Magajinsa na gaskiya shi ne wanda ke ɗaki da tsohuwar kwamfuta ta hannu da manhajar kyauta, yana tilasta musu yin abin da ba don shi aka ƙera su ba.